Tun Ran Gini Ran Zane: Daga Maƙerar Gaya Zuwa Tukunyar Wutar Rana

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Kano ya san Gaya garin maƙera ne tun zamanin da. Masu ba da labarin gargajiya sun ce a nan ne Bayajida ya tsaya aka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura, kuma daga nan ne Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dutsen Dala. Amma akwai wata hikima ta maƙeran wannan yanki da ba a cika ba da labarinta ba, domin kullum tana hannun manomi har ya daina lura da ita. Wannan kuwa ita ce yadda ake ƙera fartanya, ruwanta dabam, ƙotarta dabam. Maƙeri ya san ƙasa za ta cinye ruwan komai kyawun ƙarfensa, saboda haka tun farko ya yi shi yadda za a iya fid da shi a sa sabo, ko kuwa a mai da shi maƙera a ƙara masa baki, ba tare da an yar da ƙotar ba. Manomin da fartanyarsa ta lalace da hantsi a Kademi ko Toranke yana iya komawa gona kafin la'asar.

Tambayar da maƙerin ya amsa ita ce: idan abin nan ya cinye, ta yaya za a sake shi, wa zai sake shi, kuma cikin kwana nawa? To, wannan tambaya ce a yau ta sha wa manyan injiniyoyin Ingila da Faransa da Amurka kai, waɗanda ke zana wata sabuwar irin tashar lantarki mai aiki da irin wutar da ke ci a cikin rana. Sun daɗe suna fama da yadda za a kunna wutar, kuma sun yi nisa a wannan fage. Yanzu sun gane cewa ko an kunna ta, tashar ba za ta amfani kowa ba muddin gyaranta zai riƙa cin wata da watanni.

FAMFON DA YA TSAYA

Kafin a shiga zancen waccan tukunya, yana da kyau a duba wani inji da mutanen Gaya da Ajingi suka sani ciki da bai, domin matsalarsu iri ɗaya ce. Daga 1981 zuwa 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara goma don samar wa jama'ar karkara ruwan sha mai tsabta. A wannan zamani ne Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta Jihar Kano, watau KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da taimakon Bankin Duniya, ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka ana sa musu famfon tuƙa-tuƙa.

Irin famfon da ya fi bazuwa a Indiya da ƙasashen Afirka da yawa shi ne India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1970 da haɗin gwiwar gwamnatin Indiya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF. Famfo ne mai ƙwari, yana jure tuƙin mutum ɗari a yini. Sai dai abin da ya fi saurin cinyewa a jikinsa wata 'yar fata ce ko roba da ke can ƙasan rijiya, a cikin kwalbar da ke turo ruwa sama. Kwalbar nan ta fi bututun da ke bisanta faɗi, saboda haka babu halin a zaro robar ta cikin bututu. Tilas sai an kwance kan famfo, an ciro bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowane tsawonsa mita 3, kuma cike da ruwa. Idan kwalbar tana zurfin mita 30, bututu goma ke nan. Aikin yana bukatar ƙarti da dama da manyan sifanu da makaniki wanda ya san hannunsa, kuma idan bututu ya suɓuce ya faɗa rijiya, an shiga wata sabuwar wahala. Ta haka robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba takan tsai da famfo wata uku ana jiran masu gyara su zo daga birni, mata da yara kuwa su koma rijiyar guga ko kududdufi.

Da aka ga haka ta yawaita a ƙasashe da dama, sai wani shiri na Bankin Duniya da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fara a 1981, ya kafa ƙa'ida cewa famfon ƙauye ya zama wanda mutanen ƙauye za su iya gyarawa da kansu. Daga nan aka sami famfon Afridev, wanda aka fara gwajinsa a Malawi aka kammala shi a Kenya. Masu zana shi sun faɗaɗa bututun, suka yi shi da roba mai tauri, yadda za a zaro sandunan tuƙi da robar da ta cinye ta cikinsa, shi kuwa yana nan a inda yake. Sifana ɗaya ta isa kwance notunan da ake taɓawa kullum, mutum biyu kuma sun isa aikin. Indiya ma ta bi wannan hanya da samfurinta na uku, kuma waɗannan biyun ne Nijeriya ta ɗauka ta sa musu suna RUWATSAN. Babu wanda ya gano robar da ba ta cinyewa. Abin da aka sake shi ne hanyar da hannu ke bi ya kai gare ta.

WUTAR DA KE CIKIN RANA

Makamashin nukiliya iri biyu ne. Na farko shi ne na fasa ƙwayar zarra mai nauyi, kamar ta yuraniyam da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Da shi dukan tashoshin lantarki na nukiliya da ke duniya a yau suke aiki, haka kuma 'yar ƙaramar tukunyar bincike da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, kuma aka sake mata abincinta zuwa yuraniyam marar ƙarfi a 2018.

Na biyu shi ne na haɗa ƙwayoyin zarra marasa nauyi su zama ɗaya, kuma shi ne asalin hasken rana da zafinta. A duniya ana amfani da wasu 'yan'uwan iskar haidurojin guda biyu. Ɗaya shi ne diyuteriyam, wanda ake samu a cikin ruwa, kusan giram 33 a kowace lita 1,000 ta ruwan teku. Ɗayan kuwa tiritiyam ne, wanda ba shi da yawa a duniya, domin rabinsa yana ɓacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka dole tukunyar ta riƙa samar wa kanta shi daga ma'adinin litiyam, irin wanda ake haƙa a Jihar Nasarawa. Amfanin wannan hanya shi ne abincin tukunyar kaɗan ne ƙwarai, ba ta fid da hayaƙi, kuma da zarar wani abu ya saɓa sai wutar ta mutu da kanta.

Wahalar ita ce ƙwayoyin ba sa haɗuwa sai zafi ya kai wajen digiri miliyan 150, watau ninki goma na zafin tsakiyar rana. Babu ƙarfen da zai riƙe irin wannan wuta. Dabarar da masanan Tarayyar Sobiyat, Andrei Sakharov da Igor Tamm, suka kawo a farkon shekarun 1950 ita ce a rataye wutar a sarari da ƙarfin maganaɗisu, a cikin wata tukunya mai siffar gammo, ko tayar mota, yadda ba za ta taɓa bango ba. Wannan tukunya ita ake kira tokamak. Manyan zobban maganaɗisu ne ke kewaye da ita kamar mundaye a hannu, kuma a manyan tukwane na zamani sai an sanyaya zobban har digiri 269 ƙasa da sifiri kafin lantarki ya gudana a cikinsu ba tare da wani cikas ba.

ABIN DA KE CINYEWA

Duk lokacin da diyuteriyam ya haɗu da tiritiyam ana samun abu biyu: iskar hiliyam, wadda ita ce tokar wannan wuta, da kuma wata 'yar ƙwaya da ake kira niyutoron. Niyutoron ne ke ɗauke da kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin da aka samu, kuma maganaɗisu ba ya iya tare shi. Yana fita a guje ya nutse cikin wani kauri na ƙarfe da litiyam da aka jera a bangon tukunya, wanda injiniyoyi ke kira bargo. A cikin bargon ne ƙarfinsa ke zama zafin da za a dafa ruwa da shi a juya injin lantarki, kuma a nan ne litiyam ke haifar da sabon tiritiyam.

Amma wannan ƙwaya mai kawo riba ita ce kuma mai ɓarna. Tana tunkuɗe ƙwayoyin ƙarfe daga mazauninsu, har a kai kowace ƙwaya an tunkuɗe ta sau gommai a tsawon aikin bargon. Ƙarfe sai ya kumbura, ya bushe, ya zama mai saurin tsagewa. Iskar hiliyam takan taru a cikin jikinsa, ta sa walda ba ta kama shi da kyau idan an zo gyara. Bugu da ƙari, ƙarfen da niyutoron ya daɗe yana duka yakan shiga fid da tururin nukiliya da kansa, ta yadda ko an kashe wuta ɗan Adam ba shi da ikon shiga tukunyar.

A ƙasan tukunya kuma akwai mazubin toka, inda ake karkatar da hiliyam da sauran datti a zuƙe su waje. Nan ne kaɗai aka yarda wutar ta lashi ƙarfe, shi ya sa ake shimfiɗa masa tangistan, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 3,400. Duk da haka zafin da ke sauka a kansa yana kaiwa megawat 10 a kowane murabba'in mita. Masu zana tashar gwaji ta Turai, wadda suka sa wa suna DEMO, sun ƙiyasta cewa za a riƙa sake mazubin toka kusan duk bayan shekara biyu ta cikakken aiki, bargo kuwa kusan duk bayan shekara biyar. Ana ƙoƙarin samar da ƙarfe mai juriya, kamar wanda Turawa suka haɗa suka kira EUROFER, kuma ana gina wata cibiya kusa da Granada ta ƙasar Sifen don gwada irin waɗannan ƙarafa. Amma babu mai tsammanin samun bangon da zai yi shekara 40 ba a sake shi ba. Bargo da mazubin toka su ne robar wannan famfo, kuma suna can ciki, a bayan zobban maganaɗisu.

HANNUN DA AKA MIƘA DAGA NESA

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan aiki su ne ma'aikatan tukunyar JET da ke Culham, kusa da Oxford a Ingila, wadda ƙasashen Turai suka haɗu suka gina, ta fara aiki a 1983. A 1997 ta ba da wuta mai ƙarfin megawat 16 na ɗan ƙanƙanin lokaci. Da yake an yi amfani da tiritiyam, sai cikinta ya zama wurin da ba a son mutum ya shiga, ga shi kuwa ana bukatar sake mazubin tokarta. A 1998 aka yi dukan aikin daga nesa. An zura wani dogon hannun inji mai gaɓoɓi, tsawonsa wajen mita 10, ta wata ƙofa a gefen tukunya, a kansa da wasu ƙananan hannuwa biyu. Makaniki yana zaune a wani ɗaki dabam yana kallon talabijin, yana riƙe da irin waɗannan hannuwa. Duk motsin da ya yi, na cikin tukunya su kwaikwaya, kuma idan noti ya yi tauri yana jin taurin a tafin hannunsa. Daga 2009 zuwa 2011 aka sake dubban fale-falen bangon tukunyar, yawancinsu ta wannan hanya.

Darasin da aka koya a Culham mai gyaran famfo zai gane shi nan take. Noti ya zama wanda ba ya faɗuwa ko an kwance shi, domin wanda ya faɗi cikin tukunya neman sa aiki ne. Kawunan notuna su zama iri ɗaya don kada a yi ta sake sifana. Kowane yanki a yi masa turaku da ramuka yadda ba zai zauna ba sai daidai. Kada nauyinsa ya wuce abin da hannun inji zai ɗauka. A gwada kowane aiki a kan gunkin tukunya kafin a taɓa ta gaskiya. Duk yankin da aka zana ba tare da tunanin hannun da zai ciro shi ba, shi ne ke cinye makonni. A watan Oktoba na 2023 JET ta kafa tarihinta na ƙarshe, inda ta ba da ƙarfi daidai da yunit 19 na mitar lantarki cikin daƙiƙa biyar, da abincin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na miligiram ba, sa'an nan aka rufe ta a ƙarshen wannan shekara.

BABBAR TUKUNYAR FARANSA

A Cadarache, kudancin Faransa, ana gina tokamak mafi girma a duniya, mai suna ITER. Shugaba Reagan na Amurka da Gorbachev na Tarayyar Sobiyat ne suka kawo shawararta a taronsu na Geneva a 1985, aka sa hannu a yarjejeniya a 2006 tsakanin Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Japan da Indiya da Koriya ta Kudu. Nauyinta zai kai tan 23,000, kuma burin shi ne a zuba wa wutar megawat 50 na zafi ta mayar da megawat 500. Tukunyar gwaji ce, ba za ta sayar wa kowa lantarki ba.

Zobban maganaɗisunta 18 ne, kowane a rufe yake ruf, ba shi da mahaɗi, kuma tukunyar ta ratsa ta cikinsu duka. Saboda haka duk abin da zai fito daga ciki sai ya bi ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zobe da zobe. Wannan ya tilasta aka yanka bargon gida 440, kowane nauyinsa na iya kaiwa tan huɗu da rabi, mazubin toka kuma gida 54, kowane wajen tan goma. Za a riƙa jan yankunan mazubin a kan dogo a cikin tukunya har bakin ƙofa, a sa su cikin wani rufaffen akwati mai girman motar safa, a kai su wani gini mai kaurin bango inda injuna za su gyara su. Kowane yanki yana da bututun ruwan sanyaya shi, wanda sai an yanke, an sake walda, an kuma gwada ko yana yoyo, duk daga nesa. An yi shekaru ana gwajin wannan aiki a garin Tampere na ƙasar Finland, kuma an ƙiyasta cewa sake mazubin toka kaɗai zai ci wajen wata shida.

Tun ba a kunna ta ba ITER ta ɗanɗana tsadar gyara. A 2022 aka gano tsaga a bututun sanyi na garkuwar da ke kare maganaɗisu daga zafi, aka kuma ga bakin wasu yankunan tukunyar bai yi daidai da awon da ake bukata don walda ba. Wani yanki mai nauyin fiye da tan 1,200, wanda aka riga aka saukar a mazauninsa a watan Mayu na wannan shekara, sai da aka sake ɗaga shi aka fitar a 2023 aka warware shi. A watan Yuli na 2024 shugaban aikin, Pietro Barabaschi, ya bayyana sabon jadawali: gwaji zai fara a 2034, aiki da tiritiyam sai 2039, tare da ƙarin kuɗi kimanin Yuro biliyan 5. Wannan gyara an yi shi ne a lokacin da mutum ke iya dafa ƙarfen da hannunsa.

LISSAFIN KWANAKIN ZAMA

Dalilin da ya sa batun ya zama na rai da mutuwa ga wannan sana'a lissafi ne mai sauƙi. Abincin tukunyar ba shi ne tsadarta ba. Kusan dukan kuɗin yana cikin ginin, kuma bashin da aka ci aka yi ginin ba ya hutawa ran da injin ya tsaya. Tashar da ke aiki wata 24 ta tsaya wata 6 tana amfani kashi 80 cikin 100 na lokacinta. Idan tsayawar ta kai wata 12, ya sauko kashi 67, kuma masu sayen wuta ne za su biya bambancin. Tashoshin fasa ƙwayar zarra na Amurka suna aiki fiye da kashi 90 cikin 100, ga kuma lantarkin hasken rana da na iska da ke ƙara araha. Tashar da ke kwana a gareji ba za ta iya gasa da su ba.

Mutumin Nijeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ƙarfin injunan da aka kakkafa a tashoshin ƙasar nan ya kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 da 5,000 ne, saboda ƙarancin iskar gas, da raunin manyan wayoyi, da kuma injunan da ke zaune suna jiran gyara.

DABARU UKU

Masu zane sun bi hanyoyi uku don rage kwanakin zama. Turawan DEMO sun ce a daina yanka bargo ƙanana. A yi shi manyan ɓarayi masu lanƙwasa kamar ɓarin kabewa, kowane nauyinsa tan gommai, a buɗe manyan ƙofofi a saman tukunya a riƙa zaro su sama da ƙugiya. Ta haka wuraren yanka da walda za su ragu ƙwarai, kuma za a iya aiki ta ƙofofi da dama a lokaci guda.

Hanya ta biyu ta fito ne daga jerin nazarin da aka yi a Amurka mai suna ARIES. Su kuma suka ce a faɗaɗa zobban maganaɗisu ta waje, har ya zama tsakanin zobe da zobe akwai ƙofar da za a jawo ɓari guda na cikin tukunya gaba ɗaya ta gefe, kamar yadda ake jawo aljihun tebur, a tura sabo wanda aka riga aka shirya, tsohon kuwa a gyara shi a natse alhali tasha na aiki.

Hanya ta uku ita ta fi kama da dabarar Afridev. A 2015 Farfesa Dennis Whyte da ɗalibansa a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, watau MIT, suka fitar da zanen wata tukunya mai suna ARC. Sun dogara ga wata sabuwar waya mai faɗi, siririya kamar zaren kaset, wadda ke ba da maganaɗisu mai ƙarfi sosai, kuma ba ta bukatar sanyi mai tsanani kamar na ITER. Wannan ya ba su damar rage girman tukunyar kusan rabi, mita 3.3 daga tsakiya maimakon mita 6.2. Ya kuma ba su damar yi wa kowane zobe mahaɗi, yadda za a kwance rabinsa na sama a ɗage kamar murfi, a ciro tukunyar ciki ɗungurungum a sa sabuwa. Bargon ƙarfe kuwa suka maye gurbinsa da narkakken gishiri mai ɗauke da litiyam, wanda tukunyar ke nutse a cikinsa. Ruwa ba ya tsagewa, kuma ana iya zuƙe shi a tace a mayar. Kamfanin Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga wannan makaranta a 2018, ya gwada maganaɗisun sabuwar wayar a 2021 ya yi nasara, kuma a watan Disamba na 2024 ya ba da sanarwar zai gina tashar megawat 400 a Jihar Virginia. Ingila ma, wadda a 2022 ta zaɓi filin tsohuwar tashar kwal ta West Burton don gina tukunyarta mai suna STEP da burin gamawa a 2040, ta karkata ga zobba masu kwancewa.

Kowace dabara da farashinta. Babbar ƙofa tana rage ƙarfin ginin, tana ba niyutoron hanyar ɓullewa ya lalata maganaɗisu, tana kuma cinye filin da bargo zai haifar da tiritiyam, alhali tukunyar da ba ta samar da fiye da abin da take ci ba za ta ɗore ba. Mahaɗin zobe kuwa yana ɗan yin zafi a wurin da ake kashe kuɗi mai yawa don sanyaya shi, kuma dole ya jure matsi mai tsanani ba tare da ya motsa ba. Narkakken gishiri yana cin ƙarfe. Har yau babu tashar haɗa ƙwayoyin zarra ko ɗaya da ta taɓa sayar da lantarki, saboda haka dukan dabarun nan uku suna jiran ranar gwaji.

ABIN DA YA SHAFI GAYA DA AJINGI

Labarin famfo ma bai ƙare da kyakkyawan zane ba. Wani ƙiyasi da aka yi a 2009 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane famfon tuƙa-tuƙa uku a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba ya aiki, shekaru da yawa bayan fitowar famfo mai sauƙin gyara. Dalili kuwa a bayyane yake. Roba mai sauƙin sakewa ba ta da amfani idan babu mai sayar da ita a kasuwa mafi kusa, ko babu asusun da za a saye ta, ko kuwa saurayin da aka koya wa gyara ya tafi ci-rani. Injiniyoyin Culham sun fahimci haka, shi ya sa suka kafa cibiya ta musamman don horar da masu sarrafa hannun inji da ƙera kayan aikinsu, tun kafin a gina tashar da za su yi wa aiki.

Ba a sa ran tukunyar wutar rana za ta haska Gaya ko Ajingi nan kusa. Amma injunan da ke shigowa ƙananan hukumomin nan biyu suna ƙaruwa kowace shekara: rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, fitilun titi, injunan ban ruwa na fadama, firjin ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye, taransifoma, motocin noma. Da yawa ana buɗe su da biki, sa'an nan ran da famfon ƙasa ya ƙone ko akwatin sarrafa wuta ya mutu, sai tanki ya bushe a koma gidan jiya. Ya kamata majalisun ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin ci gaban gari su riƙa yi wa ɗan kwangila irin tambayoyin da masu zana DEMO da ARC ke yi wa kansu, tun kafin a sa hannu a takarda. Wane yanki ne zai fara cinyewa, kuma bayan wata nawa? Da wane kayan aiki ake ciro shi, kuma akwai mai iyawa a cikin gunduma? Ana samun madadinsa a Gaya ko Wudil, ko sai an je Kano, ko kuwa sai an aika Ikko? Nawa ne kuɗinsa, kuma daga wane asusu za a biya?

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, domin tukunyar da ta riga ta bushe ba ta karɓar ado. Haka inji yake: sauƙin gyaransa ana sa shi ne ranar da ake zana shi da ranar da ake saye. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil tana maƙwabtaka da wannan yanki, kuma ɗalibanta na injiniya za su yi wa ƙauyukan Gaya da Ajingi babban aiki idan suka zaga suka ƙidaya famfunan da suka tsaya, suka rubuta yankin da ya tsai da kowane da kwanakin da ya yi a tsaye. Da irin wannan lissafi a hannu, ƙaramar hukuma za ta san irin injin da ya kamata ta saya a kasafin kuɗin baɗi, da irin kayan gyaran da ya kamata ta tanada a sito.